Ƙwayar da Barira Ta Ɓoye

Ranar da ciwon ya kayar da Malam Shu'ibu Baƙo, matarsa Barira tana tsakar gida tana turara shinkafa, sana'ar da take yi tun tana amarya. Shi kuwa yana fadama, can bakin kogin Haɗejiya ta hanyar Guri, a gonar da shi da ƙaninsa Badaru suka gada. Ruwa ya janye, an shiga noman rani. Ya ja igiyar injin ban ruwa sau uku bai tashi ba. A ja na huɗu ya saki igiyar, ya dafe ƙirji, ya zauna daɓas a kan kunya, gumi yana karyo masa kamar an sheƙa masa ruwa. Badaru ne ya ɗauko shi a babur, wani manomi ya tallafe shi ta baya, suka kai shi asibiti cikin gari. Kafin la'asar an sa shi a mota an nufi Kano.

Barira ta bi su ko tukunyar ba ta sauke ba. Kwana tara ta yi tana jinya. Likitar zuciyar, wata siririyar mace mai tabarau da ake kira Dakta Nuriyya, idan ta zo zagaye da Badaru take magana, don shi ne ya yi boko, malamin firamare ne da ya yi ritaya. Rabi Hausa, rabi Turanci. Abin da ya iso kunnen Barira bai wuce wannan ba: jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe, an buɗe ta, amma wani sashe na zuciyar ya ji rauni.

Tun a can wani abu ya fara sukar ta a rai. Rabon Badaru da taka gonar nan ya fi shekara, saboda ciwon gaɓɓai da ke kumbura masa babban yatsan ƙafa har ya kasa sa takalmi. To me ya kai shi fadama ranar? Ga shi kuma mako guda kafin haka 'yan'uwan biyu sun yi sa-in-sa a zaure. Badaru yana so a ba wasu manyan manoman alkama hayar gonar, Shu'ibu ya ce muddin yana numfashi babu baƙon da zai kafa garma a gonar ubansa. Barira tana bayan katanga tana tankaɗe ta ji Badaru ya ce, "Ai ba dawwama za ka yi a kanta ba, Yaya."

Ta yi a'uziyya ta kori tunanin. Da suka dawo gida ya dawo tare da su.

Kullum da hantsi Badaru yake zuwa ba da magani da hannunsa. Sai ya jera ƙwayoyi biyar a faranti, yana nuna su ɗaya bayan ɗaya kamar yana gaban allo.

"Waɗannan biyun na tsinka jini ne. Wannan ta maiƙo. Wannan ta sassauta bugun zuciya. Wannan 'yar mitsitsiyar kuma ta kumburi."

"Kumburi a ina?" in ji Barira. "Ni da nake shafa masa mai ban ga inda ya kumbura ba."

Badaru ya yi dariya. Akwai wasa tsakaninsu, irin na mace da ƙanin mijinta, shekara talatin suna yi.

"Matar Yaya, idonki har cikin ƙirji yake gani? A ciki yake."

"Kai da ka gani ai sai ka ba mu labari."

Ta faɗa da murmushi, amma murmushin bai wuce leɓe ba.

Shu'ibu bai sa musu baki ba. Tun dawowarsa ya zama mai shiru, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ga kuma gudawa da ta sa shi gaba, sau uku sau huɗu a yini, ya fito daga bayan gida yana dafa bango. Barira ta lura ba ya yin ta a asibiti. Sai da aka sallame su ta fara.

Wata Laraba Badaru ya shigo yana dogara sanda, ƙafar dama a naɗe da tsumma. Ciwonsa ya tashi. Bayan ya ba yayansa magani ya roƙi ruwa, ya zaro wani katin ƙwaya daga aljihun gaba, ya ɓalli ɗaya ya haɗiye. Barira tana tsaye da moɗa a hannu. Ba ta karatun boko, amma idon da ke bambance jamila da sauran shinkafa daga nesa ba zai kasa gane kati ba. Fari ne da koren rubutu, da ƙwayoyi ƙanana kamar ƙwayar ridi biyu a haɗe. Ta kalli na cikin ledar mijinta. Babu bambanci ko na ɗigo.

Ta zare katin mijinta ta soke a zaninta.

Da azahar ta yafa mayafi ta tafi kemis ɗin Haladu da ke bakin titi, ta miƙa masa katin ta ce wata 'yar'uwarta ce ta aiko ta tambaya.

Haladu ya juya shi, ya karanta. "Wannan na ciwon gaɓɓai ne, Inna. Irin wanda ke kama babban yatsa. Ki ce mata kada ta kuskura ta wuce yadda aka rubuta mata. Idan ya yi yawa a jiki guba ne, ba shi da wasa."

"Yana sa gudawa?"

"Sosai ma. Alamarsa ta farko ke nan."

"Ana ba mai ciwon zuciya?"

Ya ɗaga kai ya dube ta. "Ni dai shekarata goma sha ɗaya a shagon nan ban taɓa sayar wa mai ciwon zuciya shi ba."

A hanyar komawa ta haɗu da maƙwabciyarta Ma'u, wadda mijinta masunci ne. Bayan gaisuwa da ya mai jiki, Ma'u ta rage murya.

"Ashe kun ba da gonar? Maigidana yana kan kwalekwale ya hango Malam Badaru da wasu mutum biyu masu farar mota, suna zaga ta har bakin kacala, doguwar ciyawar nan da ta cinye gaɓar kogi, ɗaya yana ta nuni da hannu."

"Yaushe?"

"Ban riƙe ranar ba."

Barira ta shiga gida. Ruwa ba ya tsami banza. Ta zauna a kan turmi tana saƙa da warwara. Ta faɗa wa Shu'ibu? Likita ta ce kada a tayar masa da hankali. Ta tunkari Badaru? Da wane baki, mace, a kan ɗan'uwan mijinta uwa ɗaya uba ɗaya? Idan ta kai maganar gaban manya za a ce jinya ce ta taɓa mata kai.

Ƙafar Badaru ta kwantar da shi mako guda, ba da magani ya dawo hannunta. Kowace safiya sai ta ɓalli biyar, ta ba Shu'ibu huɗu a tafin hannu, ta jefa ta biyar cikin wani tsohon gwangwanin man zafi ta tura ƙarƙashin katifa. Shu'ibu ba ya ƙirgawa, watsawa yake a baki ya kora da koko. Kwana biyu da farawa gudawar ta tsaya cak. Barira ta yi sujada ta godiya. Abin da take zargi ya zama yaƙini a wurinta.

Da Badaru ya warware ya dawo, ta tare shi a ƙofar ɗaki.

"Na riga na ba shi tun da safe. Ka huta da wahala, kai ma ba lafiyar gare ka ba."

Ya karɓi ledar ya duba katunan, ya ga ramukan sun yi daidai da kwanaki, ya gyaɗa kai. Ita kuwa tana kallon yatsunsa, ta ga kamar sun fi daɗewa a kan farin katin.

Ana haka Shu'ibu ya fara kukan ciwon baya da kafaɗa, saboda yawan kwanciya. Barira ta ce a ranta, idan ma da gaske akwai kumburi a ciki, ai akwai maganin kumburi na gaskiya, wanda kowa ya sani. Ta koma wurin Haladu ta ce jikinta ke ciwo, ya ba ta jar ƙwayar nan da manoma ke sha idan sun dawo daga gona. Ta riƙa ba mijinta safe da yamma. Ciwon bayan ya lafa, har ya yi mata addu'a.

Kwana goma sha biyu aka yi haka. Ranar Juma'a ya zo sa takalmi zai tafi masallaci, ƙafa ta ƙi shiga. Barira ta durƙusa ta danna ƙaurinsa da yatsa, wurin ya loɓa ya ƙi tasowa. Ya matsa sai ya je a hakan, da silifas. Kafin ya kai bakin lungu ya tsaya sau biyu yana haki, ya juyo. Da ya kwanta ƙailula numfashi ya gagara, sai da ta jingina shi da matashi uku. Ya ce kuma cikinsa yana masa zafi kamar an zuba barkono.

Abin da ya fara zuwa mata shi ne gubar da ya sha a baya ce take aiki yanzu. Badaru ya kira likita a waya, ta ce a kawo shi ba tare da jiran ranar da ta ba su ba. Washegari da sassafe suka kama hanya a mota. Barira tana baya tana riƙe da kan mijinta, gwangwanin yana ƙulle a bakin zaninta, idonta a kan ƙeyar Badaru har Kano.

Dakta Nuriyya ta auna shi, ta saurari ƙirjinsa ta gaba da ta baya, ta sa aka tura shi ɗaukar jini da hoton zuciya. Da aka fita da shi ta dubi su biyun.

"Ku nuna mini duk abin da yake sha."

Badaru ya jera katuna biyar a tebur. Ta duba su, ta girgiza kai.

"Ruwa ya taru masa a jiki, kuma bai kamata ya taru haka da sauri ba. Akwai abin da yake sha ban da waɗannan? Ko jiƙo, ko na kemis? Ba faɗa zan yi ba, ina so in sani ne."

"Babu," in ji Badaru.

Barira ta kwance bakin zaninta. Ta buɗe gwangwanin ta juye shi a kan tebur, fararen ƙwayoyi suka watse, ɗaya ta gangara ƙasa.

"Likita, shi za ki tambaya. Ki tambaye shi yadda aka yi maganin ƙafarsa ya shiga cikin na yayansa. An ce mini guba ne. Tun da ya fara ba shi yake gudawa, da na daina ta tsaya. Ni jahila ce, amma ba makauniya ba ce."

Badaru ya juyo. Ya dube ta kamar yau ya fara ganin ta.

Likitar ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta jawo fayil ɗin Shu'ibu, ta buɗe wani shafi, ta juyo shi wajen Barira duk da ta san ba za ta karanta ba, ta ɗora yatsa a kan layi na biyar.

"Baba, wannan rubutuna ne. Ni na rubuta masa shi. Gaskiya ne maganin ciwon gaɓɓai ne, ya daɗe ana amfani da shi a haka. Kuma gaskiya ne idan ya yi yawa yana kisa. Wanda ya gaya miki bai yi ƙarya ba. Amma 'yar kaɗan ɗin nan, sau ɗaya a rana, ba don ƙafa na ba shi ba."

"Don me?"

"Kun taɓa sa wa kacala wuta a fadama?"

Barira ta gyaɗa kai.

"To idan jini ya yanke wa wani sashe na zuciya, naman wurin yana mutuwa. Sai jiki ya tayar da wani zafi a wurin don ya share mataccen, shi muke ce wa kumburi, ko da ba a ganin sa daga waje. Yana da amfani. Amma wani lokaci ba ya tsayawa inda aka so, sai ya lashi mai rai da ke gefe, ya kuma harzuƙa sauran jijiyoyin har wata ta sake toshewa. Ƙwayar nan rage masa ƙarfi take yi."

"Mai kemis ya ce bai taɓa jin an ba mai ciwon zuciya ba."

"Ba a daɗe da farawa ba. Kuma ba zan ɓoye miki ba, ba duk likitoci ne ke ba da shi ba. Wasu binciken sun nuna yana rage dawowar ciwon, wani kuma bai nuna haka ba. Na duba jinin mijinki na ga zafin ya yi yawa, ƙodarsa kuma lafiya, na ga ya fi masa alheri ya sha."

Barira ta kafe ta da ido. "Wato gwaji kuke yi da shi."

"A'a. Da gwaji ne sai an nemi izininsa a rubuce. Na yi wa Malam Badaru bayani, na ce ya sanar da ni idan gudawa ta zo, don akwai yadda ake yi." Ta dubi Badaru.

"Bai gaya mini yana yi ba," in ji Badaru a hankali. "Yaya ba zai gaya mini irin wannan ba. Ita ma ba ta gaya mini ba."

"Laifina ne a nan," in ji likitar. "Ke ce ke kwana da shi, ke ce ya kamata in zaunar. Amma Baba, daina wannan ba zai kumbura masa ƙafa cikin mako biyu ba. Me kika ba shi a madadinsa?"

Barira ta laluba jakarta ta fito da ragowar jar ƙwayar ta ajiye.

Likitar ta dube ta, ta rufe ido na ɗan lokaci.

"Kwana nawa?"

"Goma sha biyu. Safe da yamma. Ai shi ma na kumburi ne."

"Sunan ne ɗaya, aikin ba ɗaya ba. Wannan yana riƙe ruwa da gishiri a jiki, yana wahalar da ƙoda, kuma idan ya haɗu da na tsinka jini yana ƙwarzane ciki. Mai rauni a zuciya ba ya shan sa. Shi ne ya kawo ku yau."

Barira ta riƙe gefen tebur.

"Zai tashi?"

"In sha Allahu. Kun zo da wuri. Za mu kwantar da shi mu cire ruwan. Abin da kwanakin nan suka rage masa kuwa, ba zan iya auna miki ba, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce babu ba."

A baranda ta tarar da Badaru yana zaune a benci, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Ta tsaya nesa kaɗan.

"Malam Badaru, ka yafe mini."

Ba ta taɓa kiran sa Malam ba. Ya ɗago ya dube ta.

"Nono ɗaya muka sha da shi, Barira. A bayansa na koyi iyo a kogin nan."

"An ce an gan ka da mutane a gonar."

"Na kai su, ba na musu. Yaya ba zai sake jan igiyar inji ba, ni kuma ga ƙafata. Kacala za mu bar wa ita?"

"Yaushe ka kai su?"

"Bayan mun dawo daga nan."

"Ranar da ya faɗi fa? Me ya kai ka?"

Ya dube ta, idonsa ya kaɗa. "Haƙuri na je ba shi." Ya miƙe ya dogara sandarsa ya nufi ƙofa. A ranar ya koma Haɗejiya.

Kwana biyar Shu'ibu ya yi a gado. Ruwan ya sauka, numfashi ya daidaita. Likita ta mayar masa da ƙaramar ƙwayar, kwana ɗaya a sha, kwana ɗaya a huta, har cikinsa ya saba. Wannan karon Barira ta zaunar, ta bi da ita ƙwaya bayan ƙwaya da Hausa, ta sa ta maimaita.

Sai da suka koma gida ya ɗan yi ƙarfi Barira ta durƙusa ta gaya masa komai. Ya saurara yana jan carbi. Da ta gama ya ce, "Allah Ya kiyaye gaba." Can kuma ya ce, "Da kin tambaye ni."

"Da gaske haƙuri ya je ba ka ranar?"

"Ya zo dai. Ya yi sallama, ya tsaya yana kallona ina fama da inji. Bai kai ga faɗin abin da ya kawo shi ba na faɗi."

Badaru bai daina zuwa duba yayansa ba, amma a zaure yake tsayawa. Idan Barira ta gaishe shi daga ciki ya amsa a taƙaice. Wasan da ke tsakaninsu ya mutu. Ta aika masa da dambun kifi sau biyu, ya aiko da godiya.

Bayan ƙaramar salla Shu'ibu da kansa ya kira mai unguwa da liman aka raba gonar. Nasa rabin ya ba mijin 'yarsu ya noma, shi kuma yakan je a bayan babur ya zauna ƙarƙashin giginya yana ba da umarni. Badaru ya ba masu alkama nasa.

Wata ranar Lahadi ɗaya daga cikinsu ya biyo daga kasuwa ya tsaya gaida sabon maƙwabcinsa na gona. Barira ta kawo ruwa bakin zaure, tana shirin sallama ta ji baƙon yana cewa, "Ai mun daɗe muna son wurin nan, Malam. Tun kogi bai janye ba Malam Badaru ya zaga da mu, har motarmu ta kafe a taɓo."

Ta tsaya da kwanon a hannu. Tun kogi bai janye ba, wato tun Shu'ibu yana kan ƙafarsa, tun kafin ma shi da Badaru su yi faɗan zaure. Ta saurara ta ji me mijinta zai ce. Sai ya tambayi baƙon ko irin alkamar da za su shuka mai jure zafi ne.

Ba ta san ko bai gane ba ne, ko ya gane ya haɗiye. Ta yi sallama ta miƙa ruwan. Da baƙon ya tafi Shu'ibu ya shigo yana tafiya a hankali, ya zauna a tabarma ya ce yau miyar kuka yake sha'awa, a rage gishiri. Ta dube shi, maganar tana bakinta. Sai ta ce to, ta tashi ta hura wuta.